Filin Sani: Kafin a duba taurari, sai an zaunar da madubi

Duk matar da ke girki ta san aikin duwatsun murhu. Duwatsu uku ne. In ɗaya ya nutse cikin toka, tukunya ta karkace, ruwa ya zube, wuta ta mutu. Ba a sake tukunya saboda wannan. Ɗan tsakuwa ake turawa ƙarƙashin dutsen, sai tukunya ta zauna. Masu binciken taurari su ma suna da irin wannan aiki. Shi ne filin nan zai bayyana a wannan wata: yadda ake zaunar da madubai cikin na'urar hangen taurari, da abin da ya faru lokacin da aka yi sakaci da awo.

Abin da ke cikin bututun

Na'urar hangen taurari bututu ce, kamar doguwar ganga mai buɗaɗɗen baki. Ƙaramarta, irin wadda makaranta ke iya saye, tsawonta metir ɗaya da ɗan abu ne. A gindin bututun, daga ciki, akwai babban madubi. Bai yi kama da madubin duba fuska ba, don yana da ɗan zurfi a tsakiya kamar kasko. Zurfin kaɗan ne ƙwarai. Madubi mai faɗin santimetir 15, zurfinsa bai fi milimetir ɗaya da ɗan kai ba.

Hasken tauraro yana shiga ta bakin bututu, ya faɗa bisa wannan madubi, ya komo baya, ya taru wuri guda. Wurin nan shi ne matattarar haske. In mutum ya sa kansa nan don ya duba, kansa zai tare hasken. Saboda haka ake sa ƙaramin madubi kusa da bakin bututu, a karkace. Shi ke juya hasken zuwa gefe, ya fita ta wata ƙofa inda aka sa ɗan gilashin da ake ɗora ido. Wani masani na Ingila, Aizik Niyuton, shi ya ƙera irin wannan na'ura a shekarar 1668. Tun kafin shi, shekaru wajen dubu da suka wuce, wani malami na Basra da ya zauna Misira, Ibnul Haisam, ya yi rubutu bisa madubi mai zurfi da yadda yake tara hasken rana har ya kunna wuta.

Amfanin na'urar shi ne tara haske mai yawa. Ƙofar da haske ke bi cikin ƙwayar ido ƙanƙanuwa ce, ko da dare ba ta wuce milimetir 7 ba. Madubi mai santimetir 15 yana tara haske fiye da ido sau 400. Makiyayi da ya duba Kaza da ƴaƴanta yakan ƙidaya taurari shida ko bakwai. Cikin bututun sai ya ga gommai. Zai ga duwatsu da ramuka bisa wata. Zai ga Zara ita ma tana cika tana raguwa kamar wata.

Ɗan Tasawa da madubi mai zurfi

Irin wannan madubi ba baƙo ba ne a karkara. Yana cikin tocila, bayan ƙwai. Farantin telebijin da ake kafawa bisa soro shi ma ɗan'uwansa ne. Kowa ya ga yadda hoto ke ɓacewa in iska ta ɗan ture farantin, ko in yaro ya tanƙware ƙarfen da ke riƙe da ɗan akwatin gabansa. Farantin bai fashe ba, telebijin ba ta lalace ba. Zama ne ya goce.

Akwai ɗan ƙasa da ya yi suna bisa wannan ilimi. Shi ne Farfesa Abdu Mumuni, wanda aka haifa a Tasawa ran 26 ga watan Yuni 1929. Ya yi karatu mai zurfi a Faransa. Binciken da ya ba shi digirin dokta a 1967 bisa madubi mai zurfi ne, da yadda zafin rana ke taruwa a matattararsa. Ya shugabanci Onersol, ofishin aiki da hasken rana na Yamai, daga 1969 zuwa 1985. A can aka ƙera murhun rana da tukunyar ɗumama ruwa da rana. Ya rasu a 1991, kuma a 1992 aka sa wa jami'ar Yamai sunansa. Murhun rana da na'urar hangen taurari doka ɗaya suke bi. In tukunya ba ta zauna daidai matattarar haske ba, ruwa ba ya tafasa. In ɗan gilashin ido bai zauna nan ba, tauraro ba ya fita.

Mai son ya gane da idonsa yana iya gwadawa. A cire kaskon tsohuwar tocila, a zura busasshen kara siriri ta ramin ƙwai, a fuskantar da kaskon ga rana. A riƙa tura karan gaba, ana janyo shi baya sannu sannu. Wuri guda kaɗai zai yi hayaƙi. A yi wannan gwaji nesa da rumbu da zana, kuma da babba a wurin.

Abu na farko: tazara

Abu biyu ake gyarawa cikin na'urar. Na farko shi ne tazarar da ke tsakanin madubai biyu. Kowane babban madubi yana da nisan da yake tara haske, kuma nisan nan ba ya sakewa. Misali, madubi mai santimetir 15 wanda ke tara haske a santimetir 120. In aka sa ƙaramin madubi santimetir 100 daga babban, saura santimetir 20. Su ne hasken zai yi zuwa gefe, ya fito daidai wurin ido. Lissafi ne na tarawa: 100 da 20, 120.

In ƙaramin madubi ya yi nisa da babban, haske zai taru tun cikin bututu. Komi murɗa gilashin ido, ba zai kai wurin ba, sai hazo. In kuma ya matso kusa da yawa, hasken bai gama tsukewa ba, ya fi ƙaramin madubi faɗi. Wani ya faɗa bisansa, wani ya wuce ta gefe ya ɓace, kamar mai ɗura hatsi cikin buhu da mazurari ya kauce. Don haka ake auna tazara da ma'auni tun ranar haɗa na'ura, a rubuta adadin a ajiye.

Abu na biyu: fuskanta

Na biyu shi ne kowane madubi ya fuskanci inda ya kamata. Babban madubi yana zaune bisa noti uku, kamar tukunya bisa murhu. Ƙaramin shi ma yana da nasa uku. Ga yadda ake yi:

1. Ana aikin da rana, cikin inuwa, bakin bututu yana duban bango mai haske. Ana kwantar da bututun, don kada makulli ya suɓuce ya faɗa bisa madubi.

2. Ana cire gilashin ido, a sa murfi mai ɗan rami a tsakiya, kamar hujin allura babba. Ramin nan shi ke tsayar da ido a tsakiya.

3. Ana duba ƙaramin madubi. Ya kamata a gan shi a kewaye, tsakiyar ƙofa. In ya yi gaba ko baya, a sassauta notin tsakiya a gusa shi.

4. Ana murɗa notinsa uku har a ga babban madubi duka a cikinsa, da ƴan ƙarafan da ke riƙe da bakinsa, ba wanda ya ɓuya.

5. Sannan a koma gindin bututu. Masu ƙera madubi sukan sa ɗan zobe a tsakiyarsa don alama. Ana murɗa noti uku na babban madubi har hoton ramin murfi ya shiga cikin zoben nan.

Aikin ya fi sauƙi ga mutum biyu, ɗaya yana dubawa, ɗaya yana murɗawa. Noti ɗaya ake taɓawa a lokaci guda, kuma kaɗan kaɗan, kashi ɗaya cikin huɗu na kewaye ko ƙasa da haka. Mai gaggawa yakan murɗa duka uku, ya rasa wanda ya gyara da wanda ya ɓata. Ba a fara na biyar kafin na uku. Kuma ba a matse ƙarafan da ke riƙe da madubi da ƙarfi, don gilashi yana tanƙwaruwa ko da ido bai gani ba.

Tauraro shi ne alƙali

Aikin rana bai isa ba, sai an gwada da dare. Ana fitar da na'ura waje kamar rabin awa ko fiye, madubi ya huce daidai da iska. A nemi tauraro mai haske, a sa shi tsakiya, a ɗan murɗa gilashin ido har ya buɗe. In madubai sun zauna, za a ga zobba cikin zobba kamar saƙar faifai, da baƙin ɗigo a tsakiya. In ɗigon ya koma gefe, zobban sun matsu wuri guda, to da sauran gyara.

Na'urar da ba a gyara ba tana sa wa kowane tauraro wutsiya. Wanda bai sani ba sai ya tsorata, ya ce ya ga tauraro mai wutsiya, alhali noti ɗaya ne ya kwance. Kuma gyaran ba na sau ɗaya ba ne. In an ɗauki na'ura bisa amalanke ko babur, hanya ta girgiza ta, sai an sake dubawa. Lokacin hunturu ana rufe bakin bututu saboda ƙura. Ba a goge madubin da tsumma, don abin da ke ƙyalli yana bisa fuskar gilashin ne, kuma ƙwayar rairayi tana karce shi.

Gargaɗi babba: ba a duba rana da wannan na'ura, ko na ƙiftawar ido. Madubin da ke kunna kara yana ƙone ido, kuma makantar ba ta da magani. Dattawa da matasa da yawa suna tune da husufin rana na Laraba 29 ga watan Maris 2006, lokacin da duhu ya rufe ƙasar Maraɗi da ta Katsina da hantsi na ƴan mintoci. Ko a irin wannan rana, muddin gefen rana yana waje, sai da tabarau na musamman ake dubanta. Na'ura kuwa sai an rufe bakinta da matacin haske da aka yi don wannan aiki.

Kuskuren da bai kai ƙwayar hatsi ba

Ran 24 ga watan Afrilu 1990, hukumar sararin sama ta Amurka, Nasa, ta harba wata babbar na'urar hangen taurari mai suna Habul. Tsawonta metir 13 ne, kamar babbar mota. Faɗin madubinta metir 2 da santimetir 40. An kai ta kilometir wajen 600 bisa ƙasa, inda babu ƙura babu gajimare. An kashe mata fiye da dalar Amurka miliyan dubu. Masana sun yi shekaru suna jiran ta.

Da hotuna suka fara zuwa, sai aka ga kowane tauraro da hazo kewaye da shi. Aka gusa ƙaramin madubi gaba, aka gusa shi baya, hazo bai tafi ba. Cikin watan Yuni na shekarar aka shaida wa duniya cewa babban madubin ne ke da aibi. Bakinsa ya faye shimfiɗuwa. Yawan kuskuren kuwa, sai an raba kaurin silin gashi ɗaya gida 50 a ɗauki ɗaya. Wannan ya isa ya sa hasken da ya faɗa bakin madubi da wanda ya faɗa tsakiya su kasa taruwa wuri guda.

Aka kafa kwamitin bincike, ya ba da rahotonsa cikin watan Nuwamba 1990. Ga abin da aka gano. Masu wasa madubin suna da wata na'urar awo da ke gaya musu inda za su ƙara gogewa. Cikin na'urar awon akwai madubai biyu da ɗan gilashi, kuma dole tazararsu ta zama daidai. Wajen haɗa ta an yi aiki da sandar awo mai murfi a kai. Fenti ya ɗan ɓare bisa murfin, sai awon ya kama murfin maimakon kan sandar. Gilashin ya goce da milimetir 1 da ɗigo 3, abin da bai kai ƙwayar hatsi ba. Da ma'aikata suka ga gilashin ya ƙi zama inda awo ya ce, ba su tsaya tambaya ba. Suka cusa ƴan zobban ƙarfe, irin waɗanda ake sa wa noti, suka cike wurin.

Daga nan aka yi ta wasa madubi da ƙwarewa, ana bin ma'aunin da ya karkace, har aka gama a 1981. Akwai wasu ma'auni biyu da aka gwada madubin da su, kuma sun nuna akwai aibi. Sai aka ce ai waɗannan ƙanana ne, babban ma'auni ya fi su gaskiya. Aka ture shaidarsu. Shekara tara madubin yana ƙasa kafin a harba shi, ba wanda ya sake aunawa.

Gyaran ya ci shekara uku da rabi. Cikin watan Disamba 1993, ƴan sama jannati bakwai suka tafi cikin kumbo, suka kama na'urar. Sau biyar suna fita waje suna aiki. Babban madubin ba ya ciruwa. Sai suka sa wasu ƴan madubai, wasunsu ba su fi kuɗin ƙarfe girma ba, waɗanda aka wasa da kuskure daidai da na babban amma a juye. Kamar yadda likitan ido ke ba dattijo tabarau ke nan. Cikin watan Janairu 1994 aka nuna sababbin hotuna, taurari sun fito tsaf. Habul ta yi fiye da shekara 30 tana aiki bayan harba ta.

Madubi 18, tauraro ɗaya

Masana sun ɗauki darasi. Ran 25 ga watan Disamba 2021 aka harba wata na'ura da ta fi Habul girma, mai suna Jems Web, daga Kuru, wani gari cikin wata ƙasar Faransa da ke Amurka ta Kudu. An kai ta kilometir miliyan 1 da rabi daga duniya. Can babu mai zuwa gyara. Faɗin madubinta metir 6 da rabi ne, ya fi ƙarfin cikin roka. Don haka aka yi shi gutsure 18, aka naɗe, ya buɗe a sama. Kafin harbawa an auna madubin da hanyoyi dabam dabam, don kada ma'auni ɗaya ya sake ruɗin mutane.

Bayan kowane gutsure akwai ƴan injuna bakwai da ke aikin noti. Cikin watan Fabrairu 2022 aka fuskantar da na'urar ga tauraro ɗaya, sai hoto ya nuna ɗigo 18 a warwatse, kowane madubi da nasa. Daga ƙasa ma'aikata suka riƙa aika umurni. Su motsa madubi ɗaya, su ga wane ɗigo ya gusa, kamar makiyayi da ke gane kowace saniya cikin garke. Suka riƙa kora ɗigon nan har suka hau bisa juna. Cikin watan Maris suka zama tauraro ɗaya. Daidaiton da ake bukata, sai an raba kaurin gashi gida dubu 10. Cikin watan Yuli 2022 aka nuna wa duniya hotunan farko.

Afirka ma tana da irin wannan. A Afirka ta Kudu, kusa da garin Sadalan, an buɗe wata babbar na'ura mai suna Salt a 2005. Madubinta gutsure 91 ne, kowane faɗinsa metir ɗaya. An gina doguwar hasumiya kusa da ita, aikinta kawai auna zaman madubban nan.

Abin da ya shafi manomi da makiyayi

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Gaskiya ne a wurin dami da tulin hatsi. Amma akwai kuskuren da ido ba ya kamawa, kuma shi ne ke cin dukiya a ɓoye. Masu Habul ba ragwaye ba ne, ba kuma jahilai ba. Laifinsu biyu: sun yarda da ma'auni ɗaya, kuma da wani ma'auni ya ƙaryata shi sun ƙi saurare.

Manomin Tasawa ko na Mayahi da ke kai wake ko gujiya bisa sikeli yana cikin irin wannan hali. Sikeli ba ya auna kansa. Kafin a ɗora buhu, a duba ko allura tana bisa sifiri. Akwai kuma gwaji mai sauƙi: litir ɗaya na ruwa kilo ɗaya ne. A auna jarka wofi, a zuba mata litir 20, a sake aunawa. Abin da ya ƙaru ya kamata ya zama kilo 20. In sikeli ya nuna 19, to cikin kowane kilo 100 mai kaya yana asarar 5. Haka tiya: a gwada ta da wata tiya kafin a fara awo. Igiyar awon gona tana miƙewa in ta tsufa, a riƙa gwada ta da metir. Garmar shanu da ta fara cin ƙasa gefe ɗaya, a duba notinta tun kafin damana, kada a dage da bugun shanu.

Wanda ya iya karatu da lissafi shi ke iya karanta allurar sikeli, ya rubuta adadi, ya gwada shi da na jiya. In awo biyu suka saɓa, a tsaya a nemi dalili kafin a ɗaure bakin buhu. A cibiyoyin yaƙi da jahilci ana iya kawo sikeli da jarka da tiya biyu a yi wannan gwaji gaban kowa, tun kafin kaka ta zo.